Dokar hatimin zinare ta 1356 da rabon gadon sarakunan Saksoni

Wato a tsohuwar Jamus sarkin sarakuna zaɓensa ake yi, kuma mutum bakwai ne kacal ke da ƙuri'a, kamar dai masu zaɓen sarki a wajenmu. Uku manyan limaman coci ne na Mainz da Trier da Kolon, sai sarkin Bohemiya, da mai Palatinet, da mai Brandenburg, da mai Saksoni. To ƙuri'ar Saksonin nan ita ce ta zama ƙashin rigima.

A 1296 'yan gidan Askaniya, masu sarautar Saksoni, suka raba ƙasar gida biyu, Lauenburg da Wittenberg, kowanne yana cewa ai ƙuri'ar ta gidansu ce. Da zaɓen 1314 ya zo, na Lauenburg ya bi Ludwig na Bavariya, na Wittenberg ya bi Friedrich na Habsburg, aka wayi gari da sarki biyu, sai da aka gwabza a Mühldorf a 1322 kafin a san na gaba.

Shi ya sa a 1356 sarki Karl na huɗu ya fito da doka a Nuremberg da Metz, aka buga mata hatimin zinare, daga nan ma ta samo sunanta. Ƙuri'ar Saksoni aka ba Wittenberg, Lauenburg ta tashi a tutar babu. Sannan dokar ta ce ƙasar da ƙuri'a ke kanta ba a raba ta, ko 'ya'ya goma mutum ya bari, babban ɗa namiji na halal shi zai ɗauka dukka, in dai ba limamin coci ba ne kuma hankalinsa lafiya lau. In bai bar ɗa namiji ba sai ta koma wa ƙaninsa, in kuma magajin yaro ne to baffansa zai riƙe masa har ya kai shekara 18.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Dokar ƙasar ƙuri'a kawai ta kare, sauran garuruwan da mutum ya mallaka ba ruwanta da su. Bayan zuriyar Wittenberg ta ƙare a 1422, shekara ta gaba sarki Sigismund ya miƙa kujerar ga Friedrich na Meissen ɗan gidan Wettin, su kuma suna da ƙasa mai yawa. Jikokinsa Ernst da Albrecht suka zauna a Leipzig a 1485 suka yi rabo irin na tsohuwar al'ada, babba ya yanka ƙarami ya zaɓa. Ernst ya riƙe ƙuri'a tunda doka ta ba shi, da yawancin Turingiya, Albrecht kuwa ya ɗauki Meissen da Dresden da Leipzig. Ni dai a ganina ƙaramin ya fi iya zaɓe wallahi.

Ƙuri'ar ma ba ta daɗe a gidan Ernst ba, a 1547 bayan yaƙin Mühlberg sarki Karl na biyar ya ƙwace ta daga hannun Johann Friedrich ya ba Moritz na gidan Albrecht. Su gidan Albrecht ba su yawaita rabon ƙasarsu ba har suka zama sarakunan Saksoni daga 1806 zuwa 1918, gidan Ernst kuwa tunda babu sauran dokar da ta ɗaure musu hannu sai suka ci gaba da rabo, duk uban da ya mutu a sake yankawa, ga Weimar ga Gotha ga Koburg ga Meiningen ga Altenburg, wasu ma ba su kai ƙaramar hukuma biyu ba. Daga irin waɗannan gutsattsarin ne Albert ya fito, wanda ya auri Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840, kuma sunan gidansu na Koburg da Gotha ne aka sauya zuwa Windsor a Ingila a 1917 lokacin da ake yaƙi da Jamus.