Gwajin kwalliyar amarya: tambayoyin da amare ke yawan yi

Na ga aikin mai kwalliya a Instagram ya yi min, sai kuma na biya kuɗin gwaji?

Wannan hoton fuskar wata ce, an haska mata fitila, wataƙila ma an tace shi kafin a ɗora. Sai ranar gwaji za ki ga yadda hannun mai kwalliyar zai zauna a taki fuskar. Wasu suna haɗa kuɗin gwajin cikin na biki, wasu kuma daban suke karɓa, don haka ki tambaya tun kafin ki ba da kafin alƙalami.

Yaushe ya fi dacewa a yi shi?

Sati 3 zuwa 4 kafin biki, yadda in abin bai yi ba kina da sararin neman wata. Sai dai fa amaryar Hausa tana da wata matsala: gyaran jiki. Dilka da kurkum suna ƙara wa fata haske, fandeshin ɗin da ya dace da ke yau kan iya yi miki duhu ranar kamu. Ki faɗa wa mai kwalliya ranar da za ki fara gyaran, ta sake gwada kalar a muƙamuƙinki ana saura kwana biyu ko uku. Halawa kuwa, kada a yi miki ita a fuska ana gobe gwaji. Fatar tana nan da ja da raɗaɗi, ki ba ta kwana 2.

Me zan tafi da shi?

Fuska a wanke, da man da kika saba shafawa kawai. Ki riƙo ƙyallen leshin dina, atamfar kamu ko lafaya, da ɗan kunne da sarƙa. In da hali a yi miki ɗaurin ma a ranar, domin ashoke ko gwaggwaro yana ja da goshi, gira ta sauya zama. Hotuna biyu ko uku sun isa, na mata masu irin kalar fatarki. Sannan ki tafi da mutum ɗaya wadda ba ta ɓoye miki gaskiya, yayarki ko aminiya. Ƙawaye biyar kowa da nata ra'ayin, ruɗa ki kawai za su yi.

Ba na son a aske min gira, kuma ina tunanin alwala.

Ki faɗa tun kafin ta ɗauko reza. Gwanar mai kwalliya tana iya fitar da gira da jagira da konsila ba tare da ta taɓa gashi ko ɗaya ba. Batun alwala kuma na tsara lokaci ne: yawancin amare sukan yi alwala su yi sallah sannan a fara. Ki duba agogo a ranar gwaji ki ga awa nawa aikin ya ci, sai ki san inda zai faɗa tsakanin La'asar da Magariba. Ƙumbar roba da man farce suna hana ruwa kai wa farce, shi ya sa da yawa suke tsayawa a jan lalle.

An gama, na yi hoto. Sai in wanke?

A'a, yanzu ma gwajin ya fara. Ki bar ta a fuskarki kamar awa 6. Ki fita rana da madubi ki duba ko fuska da wuya sun zama kala ɗaya. Ki shiga ɗaki mai duhu a ɗauke ki da filashin waya: wasu hodoji, musamman masu sinadarin silika, sai su mayar da hasken, ki fito fari fat ƙarƙashin ido kamar wadda ta dawo daga injin niƙa. Ki ci abinci mai mai ki ga ko jambakin zai tsira. Ki yi dariya sosai, ki duba gefen baki ko ya tsattsage.

Yanayi ma yana da nasa. Bikin Afrilu a Kano, inda zafi ke kai digiri 40, gumi ne abokin gabarki. Na Disamba kuwa hunturu ne, hoda ta kama busasshiyar fata ta yi ɓawo-ɓawo. Ki tambaye ta me za ta sauya saboda haka.

In fatata ta yi ƙaiƙayi fa?

Ki wanke nan take, ki kuma faɗa mata. Gam ɗin gashin ido yakan ƙunshi roba da wasu ba sa jituwa da ita. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana da sinadarin PPD, wanda kan sa kumburi har da bororo. Gam ɗin kuwa, a ɗiga miki kaɗan a hannu ki jira awa 48. Idan kina shafa man bilicin, kada ki ɓoye, fatar takan yi laushi ba ta jure komai. Ki kuma saci kallon burushinta da soso, ko wankakku ne.

Kwalliyar ba ta yi min ba, amma ina jin nauyin faɗa.

Kunya a nan asara ce, kuɗinki kika biya don ki yi magana. "Ba ta yi ba" kawai ba zai taimake ta ba. Ki ce, "Anti, girar ta yi kauri," ko "Hasken ya fi wuyana, a rage." In ta gyara da fara'a, ku ɗauki hoton abin da kuka tsayar, ta rubuta lambar fandeshin ɗin, ku ajiye lokacin da za ta iso gidan biki. In kuwa ta haɗe rai ta ce ai haka ake yayi, ki yi mata godiya, ki buga wa ta biyun da kika ajiye lambarta.