Tarihin Sara a Harshen Turanci

Sara a Turanci, wadda masu harshen ke kira *slang*, kalmomi ne da salon magana da wani rukunin jama'a ke ƙirƙira don zance a tsakaninsu, irin waɗanda ba a sa su a takardar hukuma ko a gaban alƙali. Kalmar *slang* ta fara bayyana a rubuce wajen 1756, tana nufin maganar 'yan iskan gari, amma ita kanta sarar ta girmi wannan suna da aƙalla shekara 200.

Yaren ɓarayi

Waɗanda suka fara rubuta sarar Ingila ba masoyanta ba ne, masu son tona asirin masu ita ne. Wajen 1566 Thomas Harman, wani mai gonaki a yankin Kent, ya wallafa ɗan littafi yana gargaɗin jama'a game da mabarata da 'yan damfara masu yawo gari-gari. A cewarsa, ya riƙa bugun cikin masu zuwa bara ƙofar gidansa har ya tara jerin kalmomin yarensu na asiri, wanda ake kira *cant*. A ciki akwai *prigger of prancers*, wato ɓarawon dawaki, da *bowse*, wato giya, wadda har yau tana nan a matsayin *booze*. Marubutan da suka biyo baya sun yi ta kwafar jerin nasa fiye da ƙarni guda, don haka da wuya a rabe abin da ɓarayi suka faɗa da bakinsu da abin da mawallafa suka ɗora musu.

Francis Grose, wani kyaftin na sojan sa-kai, shi ya faɗaɗa fagen a 1785. Ƙamusunsa bai tsaya ga ɓarayi ba, ya haɗa da maganar sojoji, matuƙa jirgin ruwa, 'yan caca da mashaya. A 1812 kuma James Hardy Vaux, ɓarawon da aka kora zuwa Ostiraliya, ya tsara jerin kalmomin fursunoni domin alƙalan can su gane abin da ake faɗa a gabansu. An buga shi a 1819, kuma ana ɗaukarsa ƙamus na farko da aka rubuta a ƙasar.

Malaman zamanin sun kyamaci abin ƙwarai. A 1710 Jonathan Swift ya yi tir da kalmar *mob*, wadda aka gutsuro daga Latin *mobile vulgus*, yana ganin lalata harshe ce. Bai yi nasara ba: yau kalma ce ta yau da kullum a jaridu, mai nufin gungun masu tarzoma.

Landan a ƙarni na 19

Salo biyu suka yi fice a unguwannin talakawan Landan. Na farko shi ne juya kalma ta baya, abin da 'yan tallan kayan lambu da mahauta ke yi don kada mai saye ya ji ƙulle-ƙullensu, kusan yadda ake zaurance. Daga nan *boy* ta koma *yob*, wadda yanzu ke nufin matashi marar tarbiyya. Na biyu shi ne sarar amsa-amo ta gabashin birnin, da ta taso wajen shekarun 1840. Ana musanya kalma da wata jimla mai ƙarewa da sauti irin nata: *stairs*, matakalar bene, ta zama *apples and pears*. Sau da yawa sai a datse ƙarshen, amon da ya kamata ya zama mabuɗi ya ɓace, baƙo ya rasa inda aka dosa. John Camden Hotten ya tattara salon biyu a ƙamusunsa na 1859.

Mulkin mallaka ma ya ba da nasa. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ari *vilayati* ta Urdu, mai nufin na ƙasar waje, suka mai da ita *Blighty*, sunan da suke kiran gida da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Eric Partridge, wanda ya yi wannan yaƙin, ya fitar da babban ƙamusunsa na sara a 1937.

Amurka

Kalmar sarar da ta fi kowace yaɗuwa a duniya ta fara ne da barkwanci. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga *o.k.* a matsayin taƙaicen *all correct*, da gangan aka karkatar da harufan, domin yayin hakan ake yi a lokacin. Sauran ire-irenta sun mutu, ita kuwa zaɓen 1840 ya raya ta, saboda ana yi wa shugaba Martin Van Buren laƙabi da Old Kinderhook, wato O.K. a taƙaice. Allen Walker Read ne ya gano wannan tarihi a shekarun 1960.

Tun daga ƙarni na 20, baƙar fatar Amurka ne babban tushen sabuwar sara, ta hanyar kiɗan jaz, daga baya hip-hop. Mawaƙi Cab Calloway ya fitar da ɗan ƙamus na maganar Harlem, unguwar baƙar fata a New York, a 1938. Sau tari kalma kan bar hannun masu ita, 'yan talla su cafe, asalin ya shiga mantuwa. Intanet ta ƙara wa abin sauri: an buɗe shafin ƙamusun sara na Urban Dictionary a 1999, inda kowa ke iya shigar da kalma, a 2023 kuma maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta zaɓi *rizz*, wato iya jan hankalin wanda ake so, a matsayin kalmar shekara.