Wai mene ne fibot tebur ɗin nan da ake ta faɗa a Excel?

Duk wanda ya ɗan zauna gaban Excel ya san akwai wani maballi can sama da aka rubuta wa PivotTable, kuma yawanci ɗalibai wuce shi suke yi kamar ba su gani ba, wai abin ƙwararru ne. Wallahi ba wani abin tsoro a ciki. Ita kalmar fibot abin da take nufi shi ne wurin da abu ke juyawa a kai, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa, to shi ma teburin haka yake, bayanan suna nan inda ka zuba su ba abin da ya taɓa su, kai ne kawai kake juya su ka duba ta nan, in ka gama ka juya ka duba ta can.

Ɗauki makin jarrabawa. Ɗalibai 200, kowa ya yi darasi 5, ka ga layi 1000 kenan, kowane layi da suna da aji da darasi da maki. Sai a ce maka wane aji ne ya fi ƙoƙari a lissafi? In za ka bi da ido sai ka kwana a wurin. Amma da fibot akwatuna huɗu ne kawai za su fito maka a gefe, na layin kwance, na layin tsaye, na abin da za a lissafa, sai na tacewa. Ka ja aji ka jefa a na kwance, ka ja darasi zuwa na tsaye, maki kuma a na lissafi, shikenan layi 1000 sun koma ɗan tebur da bai cika tafin hannu ba. In ka musanya aji da darasi nan take teburin ya juya, daga nan sunan ya samo asali.

Abin ma ba sabo ba ne fa, tun 1991 kamfanin Lotus ya fito da manhajar Improv mai irin wannan dabara, daga baya Microsoft suka sa ta a Excel 5, yanzu kuma har Google Sheets da LibreOffice duk akwai.

Ni inda nake ganin masu koyarwa suna kuskure shi ne fara nuna wa yara inda za su danna. Danna nan, ja wancan, yaro ya haddace, gobe ka canza masa bayanai ya tsaya yana kallonka. Ya kamata tambaya ta riga linzamin kwamfuta. Ka sa ɗalibi ya faɗi da bakinsa me yake son sani, misali matsakaicin maki na kowane aji a kowane darasi, to duk abin da ya biyo bayan kalmar kowane shi ne zai shiga layi, abin da ake aunawa kuma shi zai shiga akwatin lissafi. Da ya gane wannan ya gama rabin aikin.

Sai kuma ka bar su su faɗa rami, da gangan. Excel in ya ga lambobi tarawa yake yi kai tsaye, to ajin da ya fi yawan ɗalibai shi zai iya zuwa na ɗaya ko da kuwa ba su ne suka fi ƙoƙari ba, dole ka canza lissafin daga jimla zuwa matsakaici. In kuma akwai rubutu a cikin makin, kamar wani ya rubuta "bai zo ba" a gurbin maki, sai ya koma ƙirga layuka maimakon tarawa, yaro ya ga 40 ya ɗauka maki ne alhali yawan ɗalibai ne. Haka in an rubuta sunan darasi ɗaya iri biyu, ko sifes ɗaya, wato tazarar da ake bari tsakanin kalmomi, ne ya ƙaru a ƙarshe, fibot zai raba su gida biyu ba ruwansa. Kan kowane layin tsaye ma dole ya kasance da suna, in ka bar ɗaya ba komai Excel ba zai yarda ya haɗa teburin ba sam.

Akwai wani wuri da ke rikita har manya. Aji ɗaya mutum 10 matsakaicinsu 80, ɗayan mutum 40 matsakaicinsu 50, ɗalibi zai yi tsammanin a ƙasan teburin, wurin matsakaicin duka, a ga 65, sai ya ga 56 ya ce kwamfuta ta yi kuskure. Ba ta yi ba, asalin makin mutum 50 ɗin ta koma ta haɗa, 2800 ta raba 50.

In an gyara maki a asalin bayanan kar a manta a yi rifiresh, don a Excel teburin ba ya sabunta kansa yawanci, a Google Sheets ne yake yi da kansa. Lambar da ɗalibi bai yarda da ita ba kuwa, ya danna ta sau biyu, Excel zai buɗe masa sabon shafi da duk layukan da suka haɗu suka ba da ita, sai ya ƙirga da kansa.