Robar da ke jure nauyi, take kuma ɗaukar lantarki: tambayoyi da amsoshi

Mece ce polima?

Polima abu ne da aka gina da dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari masu maimaita juna, tamkar 'ya'yan carbi a zare ɗaya. Roba da leda da taya da bututun ruwa da rigar wayar lantarki duk danginta ne. Masanin Jamus Hermann Staudinger ya kafe a kan wannan fahimta tun 1920, lokacin da yawancin takwarorinsa ba su yarda ba, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1953.

Ta yaya ake ƙara mata ƙarfi?

Hanya mafi daɗewa ita ce ɗaure sarƙoƙin da junansu. Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa danƙo da farar wuta, zai daina yin yauƙi a zafi, kuma ya yi wa dabarar rajista a 1844. Hikimar nan ce ke cikin rigar waya ta XLPE, wato robar da aka ɗaure sarƙoƙinta da juna, wadda ke jure zafin digiri 90 a ma'aunin Selsiyos, alhali ta PVC da aka saba da ita tana tsayawa a 70. A ƙasa mai zafin bazara irin tamu, wannan tazarar ta digiri 20 abin lura ce ga duk mai shimfiɗa waya.

Akwai kuma jera sarƙoƙin su fuskanci gefe ɗaya, kamar yadda yake a zaren Kevlar da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, wanda ya ninka ƙarfe ƙarfi kusan sau biyar idan nauyinsu ɗaya. Wasu kuma zaren kabon suke sakawa a cikin robar. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗin ne.

Ashe ba hana lantarki wucewa roba take yi ba?

Yawancinta haka take yi. Sai dai a 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger sun nuna cewa idan aka shigar da tururin aidin cikin wata polima mai suna poliasitilin, ƙarfinta na ɗaukar lantarki yana ƙaruwa sau miliyoyi, domin tsarin sarƙarta yana ba elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, damar zirga-zirga. Wannan aiki ya kai su ga lambar Nobel a 2000.

To, ina wahalar take?

A ganina nan ne ainihin aikin yake, domin abin da ke gyara siffa ɗaya sau da yawa shi ke ɓata ɗayar. Poliasitilin tana lalacewa idan ta sha iska, kuma ba ta narkewa balle a zuba ta a mazubi. Shi ya sa masana'antu suka fi gauraya roba ta yau da kullum da baƙin garin kabon. Lantarki ba ya ratsa haɗin sai ƙwayoyin garin sun yi yawan da za su taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan, amma idan aka zarce, robar ta yi tauri ta riƙa tsagewa. Siraran bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a 1991 sun rage matsalar, tunda tsawonsu yana sa kaɗan daga cikinsu ya wadatar, sai dai suna dunƙulewa kamar gari a ruwan zafi, kuma kowane dunƙule wuri ne da karaya kan fara.

Ana iya sake sarrafa waɗannan robobin?

Waɗanda aka ɗaure sarƙoƙinsu ba sa narkewa, saboda haka tsohuwar taya ko rigar XLPE akan niƙa ta a zuba cikin wani haɗin.