Waiwaye: Yadda Inji Ya Zame wa Jiragen Yaƙi Marasa Matuƙi Ƙarfen Ƙafa

Lokacin da Predator, jirgin Amurka maras matuƙi, ya fara tashi a 1994, injin da ke tura shi ba na yaƙi ba ne ko kusa. Ɗan injin fistan ne na kamfanin Rotax da ke Ostiriya, irin wanda ake sa wa ƙananan jiragen shawagin nishaɗi. Ya kuwa wadatar, domin aikin jirgin leƙen asiri ne: ya daɗe a sama, ya sha mai kaɗan. Da aka ɗaura masa makamin Hellfire a 2001, sai nauyi ya fara rinjayar ƙarfin dokinsa 115. Magajinsa Reaper ya zo da injin Honeywell TPE331 mai juya farfela, ƙarfin doki 900, wanda asalinsa ya koma shekarun 1960.

Tun daga nan aro ya zama al'ada. Jirage masu farfela ba su da sauri, rada na hango su daga nesa, don haka aka juya ga masu injin jet da ke iya ɓuya. X-45A na Boeing ya tashi a 2002 da injin Honeywell F124 na jiragen horar da matuƙa. X-47B, wanda ya sauka a kan jirgin ruwan yaƙi a 2013, ya ɗauki injin F100 irin na jirgin yaƙin F-16, aka cire masa sashen da ke ƙara ƙona mai a wutsiya. Jirgin nEUROn da Faransa ta jagoranta a 2012, da Taranis na Ingila a 2013, duka sun dogara da Adour, injin jiragen Jaguar da Hawk. Okhotnik na Rasha ma da injin dangin jirgin yaƙin Su-27 ya fara tashi a 2019. Dalilin a fili yake. Sabon injin jet kan ci fiye da shekara goma da maƙudan kuɗi, babu gwamnatin da za ta zuba wannan saboda jiragen gwaji biyu ko uku.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Fikafikan fankar da ke gaban inji suna mayar wa rada da siginarta sosai, shi ya sa ake binne injin a cikin jikin jirgin, a lanƙwasa bututun shigar iska yadda ba za a hango fankar daga waje ba. Iskar da ta bi lanƙwasa takan iso a hargitse, alhali injin da aka aro an tsara shi ne ya shaƙi iska miƙaƙƙiya. Idan hargitsin ya yi yawa, injin na iya shaƙewa a sama. A baya kuma ana baje bakin fitar hayaƙi don a rage zafin da makamai masu bin zafi ke farauta, wannan bajewar kuwa tana cin wani kaso na ƙarfin turawa. Ga rada da kwamfutocin jirgin suna neman wutar lantarki daga injin nan guda, ga zafinsu da ba shi da mafita a rufaffen jiki. A ganina nan ne ainihin wahalar take, ko da yake labarai sun fi karkata ga ƙirƙirarriyar basirar da ke tuƙin.

Sai siyasa. A 2020, ana tsakiyar yaƙin Nagorno-Karabakh tsakanin Armeniya da Azarbaijan, inda aka yi amfani da jiragen Turkiyya marasa matuƙi, kamfanin BRP na Kanada, mai mallakar Rotax, ya dakatar da tura injunan da Turkiyya ke sa wa jirgin Bayraktar TB2 na kamfanin Baykar. Kamfanin TEI na Turkiyya yana da nasa injin dizal PD-170, amma manyan jiragen Baykar sun jingina da Yukiren. Akinci ya fara da injin AI-450, Kizilelma ya tashi a Disamban 2022 da AI-25TLT, a daidai lokacin da yaƙi ke ci a kusa da birnin Zaporizhzhia, cibiyar ƙera injunan ƙasar.

Indiya ta fi kowa ɗanɗana wannan ɗaci. Ta amince da aikin injin Kaveri a 1989 don jirgin yaƙinta Tejas, ya kasa ba da ƙarfin da ake so, aka raba shi da Tejas a 2008. Yanzu shi ake gyarawa don jirgin Ghatak maras matuƙi, wanda ba ya buƙatar wuce saurin sauti. Duk da haka ƙaramin samfurin gwajin da ya tashi a Chitradurga a 2022 injin Rasha ne a cikinsa. Abin da ke kayar da ƙasashe shi ne fikafikan da ke bayan ɗakin ƙona mai: suna aiki a cikin zafin da ya wuce wanda ke narkar da ƙarfensu, sai an zuba kowanne a matsayin ƙwayar kiristal ɗaya tak, an huda masa ƙananan ƙofofin sanyaya. Ƙasashe ƙalilan ne suka iya wannan, kuma ba sa koyarwa.

A 'yan shekarun nan tambayar ta juye. Amurka na son jirage masu arha da za su raka jirgin yaƙinta F-35, waɗanda za a iya rasawa ba tare da babbar asara ba. XQ-58A Valkyrie ya tashi a 2019 da injin Williams FJ33 na ƙananan jiragen 'yan kasuwa, inji ne da aka ƙera don ya yi dubban awoyi yana ɗaukar mutane lafiya. Jirgin da wataƙila ba zai dawo daga fitarsa ta goma ba ba ya buƙatar wannan tsawon rai, amma sai an biya kuɗinsa. Shi ya sa a 2024 kamfanonin GE Aerospace da Kratos suka sanar da haɗin gwiwa kan ƙaramin inji GEK800, wanda tun daga takarda aka tsara shi don a ƙera shi da yawa, a farashi mai rahusa, ba don ya daɗe ba.