Wai wanda ya haura hamsin ba ya koyon sabon abu?

An daɗe ana cewa wai mutum in ya haura shekara 50 kansa ya toshe, shi ya sa a wasu ofisoshi ko horon kwamfuta ba a tura shi. Gaskiya ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa tana koyo har tsufa, sauri ne ke raguwa, amma sanin makamar aiki yakan ma ƙaru. Sau da yawa matsalar ido ce ko mai koyarwar ne ke gaggawa. Ku leƙa Islamiyyar matan aure ku ga masu jikoki suna hadda, ko ku ƙara girman rubutun wayar Baba ku nuna masa a natse ku gani. Don Allah a tura wa wasu.