Alhakin Mai Wuri: Shagon da Ya Hana Bindiga, Wa Zai Tsare Kwastomansa?

A dokokin Amurka, alhakin mai wuri na nufin nauyin da ke kan mai shago, otal, gidan abinci ko sinima na kula da lafiyar wanda ya shigo masa. Idan ruwa ya zube a ƙasa ba a goge ba har wani ya zame ya karye, ana iya maka mai wurin a kotu. Wannan ba gardama. Inda ake ta da jijiyar wuya shi ne idan wani ne daga waje ya shigo ya buɗe wuta.

Abin da ya kawo maganar shi ne, a yawancin jihohin ƙasar mutum na iya yawo da ƙaramar bindiga a ƙugu bisa doka. Shi kuma mai shago yana da ikon manna sanarwa a ƙofa cewa ba a shiga da makami, domin 'yancin riƙe bindiga da tsarin mulki ya bayar gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai shafi mai dukiya ba. Sai masu bindiga suka ce: to, tunda ka sa na bar tawa a mota, kai ka ɗauki nauyin raina. Sukan kawo labarin Suzanna Hupp, wadda a 1991 aka kashe iyayenta biyu da suka je cin abinci tare da ita a gidan abincin Luby's da ke Killeen, jihar Texas, cikin mutum 23 da aka hallaka. Bindigarta na cikin mota, don dokar jihar a lokacin ta hana ta ɗauka.

Kotuna dai ba takardar ƙofa suke dubawa ba. Tambayarsu ita ce: mai wurin ya isa ya hango abin na zuwa? An taɓa fashi ko harbi a wurin? An yi barazana ya yi kunnen uwar shegu? A Aurora ta jihar Colorado, ranar 20 ga Yulin 2012, wani ya fita ta ƙofar gaggawa ta sinimar kamfanin Cinemark, ya tokare ta don kada ta kulle, ya dawo da makamai ya kashe mutum 12, wasu 70 suka ji rauni. Kamfanin ya hana shiga da bindiga, kuma babu mai gadi ɗauke da makami a daren. Waɗanda abin ya shafa suka kai ƙara, amma a 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke kamfanin, bisa cewa ba wanda zai iya hango irin wannan ɗanyen aiki.

'Yan majalisa ma sun gwada. A Tennessee, a 2016, an kawo ƙudurin da zai ɗora wa duk mai hana bindiga alhakin tsaron masu lasisin riƙe bindiga. Kafin ya zama doka an juya shi: wanda bai hana ba shi aka ba kariya daga ƙara. Wisconsin ta bi irin wannan hanya tun 2011.

A ganina, ba adalci ba ne a ce mai ɗan shagon kofi ya biya diyyar duk ta'asar da wani mara imani ya yi. Amma manyan wurare da ke tara ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya, takarda a ƙofa ta yi musu araha da yawa. Mai bin doka ne kaɗai ke karanta ta ya koma mota. Wanda ya san ƙofar banki a Kano ko Kaduna, mai ƙin buɗewa idan akwai ƙarfe a aljihu, ya san yadda hani na gaske yake. Idan kamfani mai rassa ɗaruruwa ya ce kada kowa ya shigo da makami, ya sa na'urar bincike, ya sa ƙararrawa a ƙofar baya, ya ɗauki masu gadi. Kuɗin tikitin da yake karɓa ya isa ya biya wannan.